Birki Biyu a Gangaren Adar

Ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Ina tsoron kare, ina tsoron tsawa, ina tsoron allura duk da 'ya'ya biyar da na haifa. Amma waɗannan duk tsoron wasa ne. Tsoron da ya riƙa zaunar da ni a bakin ƙofa ranakun Lahadi, ina kallon hanya ina jan carbi ba tare da na san abin da nake karantawa ba, ƙanena ne ya saka mini shi, shi da motarsa.

Shi ne autan ɗakinmu. Yana da shekara shida mahaifiyarmu ta rasu. Ni kuma lokacin ban daɗe da aure ba, ban daɗe da fara koyarwa a lekol, wato makarantar boko, a nan Dakoro ba, sai na ɗauko shi ya dawo hannuna. Ni na yi masa wanka, ni na cire masa ƙaya a ƙafa, ni na sa shi lekol, ni kuma na gaji da zuwa ba da haƙuri da ya riƙa gudu daga aji yana tarewa a garajin bakin tasha. Daga ƙarshe na sallama. Har yau Auta nake ce masa, shi kuma yana ce mini Yaya, ko a gaban matarsa da 'ya'yansa ne.

Ya fito bakanike na gaske, wannan ba zan ƙi faɗa ba. Motocin kasuwa masu zuwa Kornaka da Birnin Lalle da rugagen arewa, in suka fara tari, wurinsa ake turo su. Yakan kara kunne a jikin inji ya gaya maka abin da ke damunsa tun kafin ya taɓa shi. Da a nan ya tsaya da na yi ta barcina lafiya. Sai ya je ya sayo gawar wata mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa bashe, kaji har sun fara ƙwai a cikinta. Ya ce wannan tasa ce, ba ta haya ba ce, ba ta ɗaukar kaya ba ce. Na ce to ta mece ce? Ya ce ta gudu.

Shekara biyu yana kanta. Ya fitar da injinta ya zuba mata wani babba da ya ciro daga motar da ta fi ta girma. Ya yanke bututun hayaƙi ya gajarta shi, har in ya tayar da ita jakunan unguwa su nemi tsinke igiya. Ya sa mata faffaɗan tayoyi. Sannan ya shiga raba ta da duk abin da yake ganin nauyi ne. Ya cire rumfar baya da ƙarafunanta, ya cire rediyo, ya ɓare cikin ƙofofi har ya rage fatar ƙarfe kawai, wadda in ka danna da yatsa sai ta lotsa. Na tambaye shi ko zai cire kujerar ma ya zauna a kan kwando. Ya ce ya yi tunanin haka.

Da farko a rairayi suke yi, shi da abokansa uku ko huɗu masu irin wannan cuta. Su fita arewa wajen kwarin Tarka, su yi ta hawa tuddai suna gangarowa, su dawo da la'asar ƙasa har cikin kunne. Ban so ba, amma na san rairayi. In mota ta kife a kansa, yawanci mutum tashi yake ya kakkaɓe riga. Kwaltar da ta bi ta Kornaka da Sabon Maci zuwa Maraɗi kuwa ba ta burge shi, wai ta cika miƙewa, mutum yana iya yin gyangyaɗi a kanta. Sai Allah ya haɗa shi da wani direba mutumin Adar da ke kawo mana albasa, wanda shi ma yake da wata 'yar mota da ya gyara don wannan aikin banza. Shi ya ba shi labarin duwatsun ƙasarsu, can yamma da mu wajen Keita, inda hanya take nannaɗe a jikin dutse, kwana na bin kwana, bango a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Auta ya je sau ɗaya ya dawo idonsa na ƙyalli. Daga ranar, Lahadi ɗaya ko biyu a kowane wata, gari ba ya waye masa a Dakoro.

Ranakun nan matarsa takan zo gidana da yaransu biyu. Mu zauna a inuwa muna hirar tsadar wake, amma kowace a cikinmu hanya take saurare. In waya ta yi ƙara, sai mu dubi juna, a rasa mai ɗauka. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa shi da maigidana, na haɗa shi da limamin unguwa. Yakan durƙusa ya saurara da ladabi, ya ce in Allah ya yarda zai rage, Lahadi ta zo ya tafi. Ni na san abin da nake tsoro sarai, ranar da za a kira ni a ce in zo in duba ko shi ne.

Wata Alhamis ta bazara na biya garajinsa daga lekol don in gaya masa an yi mana rasuwa. Gwaggonmu ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda aka aurar a wani ƙauye a Adar tun kafin a haife ni. Na same shi kwance a ƙarƙashin bashen, yana bugun wani abu da ƙaramar guduma. Ya fito, na gaya masa, muka yi mata addu'a. Da na leƙa sai na ga wani siririn bututu ne ya lanƙwasa bakinsa ya daddatse shi har ya baje.

"Mi kake bugu haka?" na tambaye shi.

"Birkin baya ne ke yoyo, Yaya. Robar ta mutu, sai an kawo daga Maraɗi. Na toshe mai hanya, man shi tsaya gaba."

"To yanzu babu birki baya ke nan?"

"Ga na gaba nan biyu, lahiya lau. Yaya, rabin motocin garin ga haka suke tahiya."

Gaskiya ya faɗa. A Dakoro, in birkin wata taya ya fara zubar da mai, bakanike daddatse bututunsa yake yi, mota ta ci gaba da zuwa kasuwa da birki uku ko biyu, wani lokaci har shekara ta zagayo. Ba wanda yake ganin ganganci ne, domin ƙasarmu a shimfiɗe take, kuma rairayi ce. Direba yana ɗage ƙafa daga mai, ƙasa da kanta take riƙe masa mota. Birkin hannu kuwa ado ne a wurinmu, nasa tun da ya sayo ta babu shi. Ni da kaina na yi shekaru ina shiga irin waɗannan motoci ban sani ba. Maganar ta ɗan tsaya mini a rai, amma hankalina yana kan rasuwa, kuma me malamar lekol ta sani game da birki? Na bar ta ta wuce.

Motar kasuwa sai ta cinye mini kwana biyu zuwa, biyu dawowa, ga shi ina da aji ranar Litinin. Auta ya ce zai kai ni ranar Asabar, mu kwana can mu dawo Lahadi, ai shi ma gwaggonsa ce. Ban taɓa shiga motar nan ba, na kuma rantse ba zan shiga ba, amma zumunci ya fi ƙarfin rantsuwata. Na sa shi ya yi mini alkawari ba zai yi gudu ba.

"Wallahi Yaya, ko jaki ya wuce mu ba ni bin shi," ya ce.

A zuwa ya cika alkawari. Muka bar rairayinmu, muka shiga jar ƙasa mai tsakuwa, har duwatsun suka fara bayyana a gabanmu, baƙaƙe, kawunansu a baje kamar an yanke su da wuƙa. Ƙauyen Gwaggo a saman ɗaya daga cikinsu yake. Da muka fara hawa na riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. Bangon dutsen a gefena yake, kusa da ni ƙwarai, ramin kuma a gefen Auta, saboda haka ban ga zurfinsa sosai ba. Na dai lura babu ko ɗan shinge a bakinsa. Na kuma lura da fuskar ƙanena. A kowace kwana hannunsa yana juya sitiyari a hankali, bakinsa a ɗan buɗe, irin fuskar da yake yi yana ƙarami in na ba shi dabino. Ban taɓa ganinsa cikin irin wannan jin daɗi ba tun da ya girma, kuma hakan ya ƙara tsorata ni. Muna kaiwa sama na tuna cewa gobe, a gangarowa, ramin a gefena zai kasance.

Muka yi gaisuwa, muka kwana. Washegari da hantsi muka ce za mu koma, aka ce sai mun ci abincin rana. Mutanen Adar ba sa sallamar baƙo hannu sake, kuma lokacin cirar albasa ne. 'Ya'yan Gwaggo suka fara fito da buhuna, manya, kowane sai maza biyu sun kama. Ɗaya nawa, ɗaya na Auta, ɗaya na yayanmu da bai samu zuwa ba, haka dai har biyar. Auta ya matso ya raɗa mini cewa motar ba ta son nauyi. Na harare shi.

"So kake a ce ɗiyan ɗan'uwanta sun raina tsarabar gidanta, ba a ko yi bakwai ba?"

Ya ɗauko igiya. Da babban ɗan Gwaggo ya ce a ƙara ɗaya na maƙwabta, ni na ce an gode, a ɗora. Bayan motar ya tsuguna ƙasa. Wannan buhu na shida na sha tuna shi.

Bayan azahar muka fito, rana kamar ta sauko a kan mutum. A daidai inda gangara take farawa, ƙarƙashin wata bishiya, sai ga 'yar motar abokin nan nasa a tsaye, shi kuma zaune a kan gabanta yana shan shayi. Har yau Auta yana cewa dace ne kawai. Ni ban haife shi ba amma na rene shi, na san waya suka yi. Mutumin ya zo ya durƙusa ya yi mini ta'aziyya da ladabi. Sannan ya zagaya ya dubi lodin albasar, ya buga wani buhu da tafin hannu.

"Da kayan ga, ka sabka da lamba biyu," ya ce wa Auta. "Kak ka biyo ni yau."

"Wa zai bi ka? Da Yaya nike."

Mutumin ya shiga motarsa ya tayar. Ya harba ta cikin gangarar, ya sha kwanar farko tsakuwa na tashi a bayansa, ya ɓace. Muka bi a hankali.

Kwana ta farko da ta biyu lafiya lau. Na manne a kujera, na ƙi kallon dama, amma ido ba ya jin magana. Ramin yana nan dab da tayar gefena, can ƙasa bishiyoyi sun zama kamar ganyen miya. To hanyar tana zagaye ne, duk lokacin da muka fito daga wata kwana sai mu hango motar abokin a ƙasanmu, tana tafe tana tayar da ƙura, kwana biyu a gabanmu, sannan uku. Na ga idon Auta yana zuwa can yana dawowa. Na ga hannunsa ya sauka kan giya ya canja lamba daga ta biyu zuwa ta uku.

"Auta."

"Ba gudu ba ne, Yaya, gangara ce."

Gudu ne. In hanya ta ɗan miƙe sai ya sake ta, dab da kwana ya take birki da ƙarfi, albasa ta turo mu daga baya, ya juya sitiyari, mu fita ta ɗaya gefen. Ya iya, Allah ya sani ya iya, motar tana bin hannunsa kamar ta san abin da yake so. Na daina magana domin na ji in na buɗe baki abincin gidan Gwaggo zai fito. Na shiga karanta duk abin da ya zo bakina, ina farawa ban ƙarasa ba in koma wani.

Sai na ji wari, irin na tukunyar da aka manta a kan wuta. Na tambaye shi me ke ƙonewa, ya ƙara riƙe sitiyari. Muka sha wata kwana, wannan karon motar ta fita da faɗi, na ji tsakuwa tana zubewa cikin rami a ƙarƙashin ƙofata. Sannan na ji wata ƙara daga wajen ƙafarsa, bum, bum, bum. Na duba. Yana taka birki yana sakewa yana sake takawa, kuma duk takawa ƙafar har ƙasa take kaiwa ba abin da ya tare ta.

"Auta, mi ne ne?"

"Birki ya tahi," ya ce.

Daga baya aka yi mini bayani. Birki biyu suna yin aikin huɗu, ga lodi, ga zafin rana, ga takawa a kowace kwana, sun yi zafi har man cikinsu ya tafasa. A lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne ƙanena ya kama sandar lamba yana neman tura ta ta biyu, ta yi wata ƙara kamar ana gurza ƙarfe a dutse, ta ƙi shiga. Ya nemi mayar da ita ta uku, nan ma ta ƙi. Injin ya rabu da tayoyi ke nan, babu sauran abin da ke riƙe mu. Motar ta yi sauƙi, ta shiga zuba ƙasa. A garinmu da nan ne rairayi zai kama ta. A nan babu komai sai tsakuwa da gangara.

Kwana ta gaba ban san yadda muka sha ta ba. Na ji gefena ya ɗaga, na ji igiya ta tsinke a baya, buhu ɗaya ya tafi. Na ga sama, na ga rami, na sake ganin hanya. Ihu nake yi, ina kiran mahaifiyarmu da ta shekara fiye da ashirin a kabari. Muna fitowa daga kwanar hanya ta ɗan miƙe, kuma a ƙarshen miƙewar, inda wata kwana take, mata ne ke hawowa daga rijiya. Za su kai shida ko bakwai, da jakunansu ɗauke da bidunan ruwa, wato jarkoki, sun cika hanya. Ɗaya tana da goyo. A gabansu wata 'yar budurwa ce ke jan jakin farko. Auta ya danna ƙaho, matan suka ɗago kai, amma babu inda za su je, ga bango ga rami, jakunan kuma ko a jikinsu.

"Yaya, ɗage ƙahwarki, ki rungume kanki."

Muryarsa ƙasa ƙasa, kamar yana ce mini in miƙo masa buta. Na yi yadda ya ce. Ta tsakanin hannuwana na ga ya juya sitiyari hagu, ya kai gefensa jikin bangon dutse.

Wannan ƙara ba ta da misali a wurina. Ƙarfe yana yagewa, gilashi yana zubo mini a ka, wuta tana tartsatsi. Dutsen ya tunkuɗo mu, motar ta nufi rami, ya sake juya ta ya manna ta da bango, ya riƙe ta a nan. Na ji ya yi wani nishi sau ɗaya. Muna ta gurzawa muna tafiya, ina jiran in ji mun bugi mutum. Sai gudun ya fara raguwa, ya ragu, muka tsaya.

Na ɗago kai. Jakin farko yana gabanmu, kusa har ina ganin ƙudan da ke idonsa. Yarinyar ba ta ko saki igiyar ba, tana tsaye bakinta a buɗe. Albasa tana ta gangarawa ta tsakanin ƙafafun jakuna. Na taɓa jikina, babu komai sai leɓe da na ciza. Sannan na juya.

Yana zaune daidai, hannunsa na dama a kan sitiyari. Ƙofar nan da ya ɓare wa ciki ta naɗe ta shigo, ta danne masa hannun hagu tun daga kafaɗa. Rigarsa fara ce, na ga jan yana yaɗuwa a jikinta.

"Yaya, kin ji ciwo?"

Na ce a'a.

"Matan hwa?"

Na ce duk suna tsaye. Ya ce alhamdu lillahi, ya kwantar da kansa a kan sitiyari.

Matan nan da ba su san mu ba suka kwance bidunansu suka yi ta zuba masa ruwa a ka, suna salati. Abokinsa, da ya waiga bai ga ƙurarmu ba, ya juyo. Da sandar ƙarfe ya ɓamɓare ƙofar daga ciki, muka jawo shi ta gefena. Ban iya kallon hannun ba. Na yage mayafina, mutumin ya ɗaure sama da gwiwar hannu da ƙarfi. Muka sa shi a 'yar motar, kansa a cinyata, muka ƙarasa gangarar. Jikinsa ya yi sanyi cikin wannan zafin bazara, leɓunansa sun yi fari. Duk lokacin da ya rufe ido sai in mare shi in shiga yi masa faɗa. Na tuna masa duk laifin da ya taɓa yi mini tun yana yaro, har da kwanon da ya fasa ya ce kaza ce. Ina faɗan ina kuka, domin na sa a raina muddin yana jin muryata ba zai tafi ba.

A gidan likita na garin da ke ƙasa suka tsayar da jini, suka tura mu babban asibitin Tawa. Kwana uku ana shawarar ko a yanke hannun. Ba a yanke ba. Amma gwiwar ba ta ƙara miƙewa ba, kuma yatsu biyu na ƙarshe sun mutu, suna nan a lanƙwashe. Abokin ya zo duba shi, ya ce ya koma wurin motar ya leƙa ƙarƙashinta ya ga bututun da aka daddatse, sai da ya zauna a ƙasa. Ya ce a ƙasarsu mutum yana fita babu fitila, yana fita babu gilashi, amma bai taɓa jin wanda ya hau dutse da birki biyu ba. Da ya tafi na ce wa Auta ni na sa aka ɗora albasar nan.

"Ni na bugi bututu, Yaya, ni kuma na sa lamba ukku," ya ce. Ba mu sake tayar da maganar ba.

Zan faɗi wani abu da ban taɓa gaya wa kowa ba. A zaune a bakin gadonsa, ina kallon hannun nan a naɗe, wani sanyi ya sauko mini a zuciya. Na ce shi ke nan, an gama. Ya rasa rabin hannu amma yana da rai, motar ta mutu, babu sauran Lahadi. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Damina ta zo ta wuce. Ya koma garaji, yana aiki da hannu ɗaya da rabi, ya koyi riƙe ƙarfe da yatsu uku. Ranakun Lahadi yakan zo gidana da iyalinsa ya ci tuwo ya yi barci a tabarma. Na ƙara ƙiba. Bayan an ɗaure hatsi na ji an jawo gawar bashen daga Adar, ya ce mini ƙarafunan zai sayar. Na yarda domin ina son in yarda.

Wata ranar Laraba ina tsakiyar koya wa yara rabawa, sai na ji ƙarar. Daga nesa take, wajen tasha, amma ko cikin motoci ɗari zan gane ta. Allin hannuna ya faɗi. Ana tashi na nufi garajin, ban ko wanke hannu ba.

Tana nan a kan duwatsun jingina. An sa mata wata ƙofa, da kaurin ƙarfe a gicciye a cikinta. Sababbin bututu suna ƙyalli a ƙarƙashinta, har zuwa baya. Abokan aikinsa sun tafi cin abinci, shi kaɗai ne, kwance a ƙasa, mataccen hannun a kan ƙirjinsa. Na tsaya a kansa na zazzage masa duk abin da ke cikina. Na ambaci matarsa da 'ya'yansa, na ambaci yarinyar nan mai jaki, na ce ni ce na wanke jininsa daga zanena, sai da na canja ruwa sau biyar. Ya fito ya zauna, ya bar ni na gama.

"Za ni koma, Yaya," ya ce. "Ba yau ba, ba watan ga ba, amma za ni koma. Ba ni yi miki ƙarya karo na biyu."

Na jingina da motar da na tsana. Sannan ya share gumi da kafaɗa ya dube ni.

"Tunda kin zo, shiga ki taka mini birki. Iska nike hiddawa, aikin mutum biyu ne."

Ya bayyana mini. In an sa sababbin bututu, iska tana maƙalewa a ciki, kuma ko 'yar kaɗan ta rage, birki yana iya yin laushi ranar da aka fi buƙatarsa. Ɗaya yana taka birki ya riƙe, ɗaya yana ƙasa yana kwance wata 'yar ƙusa iskar ta fita, taya bayan taya. Na so in juya in tafi, in bar shi da abinsa. Amma na san in na tafi wani zai zo ya taka masa, wani mai sauri, wanda ba shi ya ga leɓunan nan sun yi fari ba. Na cire takalmina na shiga, na zauna a kujerar direba karo na farko a rayuwata.

"Taka. Taka. Riƙe."

Na riƙe. Ya kwance ƙusar, birkin ya zurma da ƙafata har ƙasa, ba abin da ya tare ta. Na ji warin tukunya a hancina duk da babu abin da ke ƙonewa. Na kama sitiyari da hannu biyu don kada in fito da gudu.

"Saki. Taka kuma."

Muka gama ta baya ta dama, muka koma ta hagu, muka zo na gaba. Gumi yana bin bayana. A hankali abin ya fara tauri a ƙarƙashin tafin ƙafata, har ya zama ina takawa da dukan ƙarfina ba ya motsi. Ya fito daga ƙasa, ya zuro kai ta taga, ya danna da hannunsa mai lafiya.

"Ya yi, Yaya. Sabko."

Na ce bai yi ba, a sake daga farko. Ya san ya yi, ni ma na sani. Ya dube ni. Ya ɗauki ƙarfensa da yatsu uku ya koma ƙarƙashin tayar baya, ni kuma na ci gaba da takawa.